Yadda za ku sa ƙaramar hukuma ta tsaya a kan tsaron unguwarku

Shekara shida ke nan ina riƙe da littafin kwamitin tsaro na unguwarmu, kuma ba don na fi kowa sanin tsaro aka ba ni ba. Tsohon malamin firamare ne ni, rubutuna yana karantuwa, shi ke nan dalili. Abin da ya sa aka nemi mai rubutu kuwa, wani dare ne cikin hunturu 'yan sintirinmu suka kama wani yaro da batirin sola a buhu. Satowa ya yi, babu tantama. Suka ɗaure shi a jikin turken lantarki na ƙofar masallaci, suka yi ta jibgarsa har aka kira assalatu. Gari na wayewa aka ga hannunsa ya karye wuri biyu, kafin azahar 'yan sanda sun tafi da shugaban sintiri da mutum uku. Muka ɗunguma sakatariya neman ciyaman ya sa baki. Sakataren ƙaramar hukuma ya bari muka gama surutunmu, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, yaran nan naku wa ya sa su aiki? Ina sunayensu a nan?" Muka yi tsit. Shekara huɗu suna kwana a waje dominmu, amma a takarda babu su. Mu muka biya kuɗin ɗori, mu muka yi zaryar caji ofis, batirin kuma ya zauna can a matsayin shaida har ya mutu.

Abin da zan faɗa a nan daga wannan ranar muka fara koyonsa. Na rubuta shi ne don masu unguwanni da dattawan layi da matasan da suka gaji da ƙwacen waya da haurawa gidaje, suna so hukumar da ta fi kusa da su ta shigo cikin lamarin da gaske.

Kafin ku taka ƙafa sakatariya, ku san abin da ke hannun ciyaman da abin da ba ya hannunsa, don kada ku ɓata rana kuna roƙon abin da ba shi da shi. Ciyaman ba shi da ɗan sanda ko ɗaya. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya, kuma DPO, wato shugaban caji ofis, daga kwamishinan 'yan sanda yake karɓar umarni. A da ba haka abin yake ba. Iyayenmu sun san 'yan dokar En'e, waɗanda ke ƙarƙashin sarakuna, har aka haɗe su da 'yan sandan tarayya a zamanin Gowon, kuma cikin dalilan akwai yadda aka riƙa amfani da su a kan 'yan adawa irin 'yan jam'iyyar NEPU. Duk mai cewa a ba ciyaman 'yan sandan kansa, ya fara tambayar wani tsohon ɗan NEPU in ya samu.

To me ke hannunsa? Jadawali na huɗu na wannan kundin ya lissafa ayyukan ƙaramar hukuma, kuma in ka karanta shi da idon mai tsoron ɓarawo za ka ga rabin tsaron unguwa yana ciki: fitilun titi, hanyoyi da magudanan ruwa, kwashe shara, kasuwanni da tashoshin mota, sa wa tituna suna da ba gidaje lamba, da sa ido a kan shaguna da wuraren sayar da abinci. Lungun da babu fitila, da jujin da ya tsaya kamar tudu har mutum ya iya laɓewa, da tashar da ba a san wanda ke kwana cikinta ba, duk nasa ne. Maganar lambar gida ma ba ƙarama ba ce. Wanda ya taɓa kiran lambar gaggawa ta 112 da tsakar dare yana kwatance da "bayan gidan mai ƙosai, in ka wuce bishiyar darbejiya" ya san abin da nake nufi. Bayan wannan, ciyaman shi ke kiran zaman tsaro na ƙaramar hukuma, inda DPO da jami'in DSS da na Sibil Difens da hakimi suke haɗuwa. A wannan zaman kuke so sunan unguwarku ya fito, kuma ya fito da hujja.

Hujjar ita ce littafi. Ku sayi babban littafin rubutu mai bango mai ƙarfi, ku ja layi biyar: rana, lokaci, wuri, abin da ya faru, da ko an kai rahoto caji ofis. Kada ku sa sunan wanda ake zargi, za ku ji dalili nan gaba. Ku ba mutum ɗaya amanarsa, ku sanar a masallatai cewa ko akuya aka kwance a zo a faɗa. Da farko mutane za su yi nauyin baki, musamman waɗanda aka yi wa ƙaramar sata suna jin kunyar a ce sun cika ƙorafi. Ku bi su gida.

Wata biyu muka yi muna rubutu kafin mu zauna mu karanta shi daga farko, kuma abin da muka gani ya ba mu kunya. 'Yan sintirinmu ƙarfe sha biyu suke fita, su yi ta busa usur har asuba. Littafi kuma ya nuna yawancin ƙwacen waya tsakanin magariba da ƙarfe tara ake yinsa, lokacin da 'yan Islamiyyar dare ke tashi, mata ke dawowa daga niƙa, kuma kusan duk a wuri biyu: bakin wani kango da mai shi ya kai ginin linta ya tafi ya bari, da kan wata kwalbati da ta rufta har mai babur dole ya rage gudu. Satar awaki kuwa daren jajiberin kasuwa take yawa. Ashe shekara huɗu muna gadin lokacin da ɓarawo yake barci. Muka raba sintiri gida biyu, wasu su fito tun bayan magariba su tsaya a wuraren nan, ba su ɗauke da komai sai tocila. Ko kwabo ba mu ƙara kashewa ba.

Da littafi a hannu sai takarda. Shafi ɗaya, kada ta wuce. Ku bar dogon yabo da tarihin unguwa. Ku rubuta abin da ya faru sau nawa, a ina, cikin wata nawa, sannan buƙata uku kacal, kowacce abin da ƙaramar hukuma za ta iya yi da hannunta. Tamu ta farko cewa ta yi a sa fitilun sola huɗu a wuri kaza da kaza, a rubuta wa mai kango ya toshe ƙofofinsa da bulo, a kuma yi wa 'yan sintirinmu rajista. In kuka rubuta "a kawo mana ƙarshen rashin tsaro", kun ba su hanyar cewa insha Allahu, a tashi taro.

Hanyar da takarda ke bi ita ma tana da muhimmanci. Mai unguwa ya sa hannu, dagaci ya gani, a kai wa hakimi kwafi. Kada ku tsallake su don gaggawa. Hakimi yana zaune a zaman tsaro, kuma in ya fara jin maganar ƙasarsa daga bakin wani a gaban DPO, kun yi asarar wanda ya fi kowa iya tsaya muku. Mu da kanmu muka je, muka zube muka yi gaisuwa, mai unguwa ya ce, "Ranka ya daɗe, kukanmu muka kawo, ga shi a rubuce." Ya sa aka karanta masa, ya tambayi sunan mai kangon, ashe ya san mahaifinsa. Kwana tara aka toshe kangon, tun kafin wasiƙar sakatariya ta fita.

Kansilan mazaɓarku ma a ba shi nasa kwafin, a kira shi Honarabul, a nuna masa cewa in fitila ta kama sunansa za a ambata. Asalin takardar kuma ofishin sakatare za a kai. Ku je da kwafi biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan ɗaya ku dawo da shi. Wannan hatimin shi ne dukiyarku. Sau biyu ana ce mana takardarmu ba ta iso ba, sau biyu ina zaro kwafin daga aljihun babbar riga. Ku je mutum uku ko huɗu, ban da gayya, kuma ban da hular jam'iyya. Ku tambayi masinja yaushe ne zaman tsaro na gaba, ya fi kowa sani, ku kai takarda mako guda kafin nan. Abin da ke cin kuɗi da yawa, irin kwalbati, a kai shi kafin a haɗa kasafin kuɗin sabuwar shekara. In kuka kai a watan Maris, amsar da za ku ji ita ce babu shi a kasafi.

Za a ce muku babu kuɗi, jiha ta riƙe. Shekaru da yawa wannan ce amsar kowane ciyaman a cikin ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan, kuma akwai gaskiya a ciki saboda asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma shugabannin riƙo ba sa kan doka. An yi ta jan ƙafa wajen aiwatarwa, saboda haka kada ku shiga musu da ciyaman a kan wannan. Ku ce, "Ciyaman, mun ji. To wanne daga cikin ukun nan ne ba ya bukatar kuɗi?" Wasiƙa ga mai kango ba ta cin kuɗi. Rajistar sintiri ba ta ci. Ku karɓi waɗannan ku tafi, ku dawo wa fitila wata mai zuwa.

Yanzu maganar da ta fi kowacce nauyi, wato 'yan sintiri. Ko 'yan banga kuke ce musu, ko 'yan kato da gora, abu ɗaya ne: samari ne da kuka ba sanda kuka ce su tare mutane cikin dare. In babu mai sa musu ido, watan-wata-rana ku za su tare. Mutanen Zamfara sun ga yadda 'yan sa kai, waɗanda suka fara da kare ƙauyukansu daga ɓarayin shanu, suka koma kashe mutum a kasuwa don kawai Bafulatani ne, kuma kowa ya san irin ramuwar da ta biyo baya. A watan Maris 2025 kuma 'yan banga a Uromi ta jihar Edo suka tare motar mafarauta 'yan Arewa da suka taso daga Fatakwal za su gida salla, suka ga bindigogin farauta, aka yi musu ihun masu garkuwa da mutane, aka kashe mutum 16. Mun yi kuka a kan wannan, kuma ya kamata. Amma ni da na ga yaro ɗaure a turken lantarki a ƙofar masallacinmu, na san abin ba shi da nisa da kowace unguwa.

Ga yadda muka gyara namu. Kowane ɗan sintiri ya cike takarda da hotonsa da lambar wayarsa, da sa hannun mutum biyu magidanta da suka tsaya masa, da na mai unguwa. Aka kai jerin sunayen wurin DPO ya duba ko akwai wanda ke da tsohon fayil. An samu biyu. Ɗaya muka sallama, ɗaya kuma laifinsa faɗan ƙwallo ne tun yana yaro, muka bar shi. Jerin yana wuri uku: sakatariya, caji ofis, da gidan hakimi. Ƙaramar hukuma ta buga musu katin shaida mai ƙarewa bayan shekara ɗaya, don duk shekara a sake tacewa. Wanda ba shi da kati ba ya fita, ko ɗan waye. In jiharku tana da rundunar da gwamnati ta kafa, kamar ta sa-ido ta Katsina da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Oktoba 2023, ko Askarawan Zamfara na Gwamna Dauda Lawal da suka fara a Janairu 2024, ku nemi shugabansu na yankinku shi ma ya san da naku, don kada a yi karo a duhu.

Sannan muka rubuta ƙa'idoji a takarda ɗaya, aka karanta musu a gaban iyayensu, kowa ya dangwala hannu. Doka ta yarda mutum ya kama wanda ya gani yana aikata laifi, amma da sharaɗin ya miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da ɓata lokaci ba. Saboda haka babu ɗaki na tsare mutane a ofishin sintiri, babu duka don a sa mutum ya amsa laifi, babu cin tara, babu aske wa yaro kai don gashinsa bai yi muku ba. Akwai dokar hana azabtarwa ta 2017, kuma duka a hannun ɗan banga ma laifi ne da kotu ke hukuntawa. Babu kama uwa ko ƙane a madadin wanda ya gudu, wannan ko ɗan sanda doka ta hana shi. Kayan aiki tocila ne da usur da gora da rigar ruwa. Bindiga, ko ta toka ce, tana da dokarta, kuma lasisinta ba a hannun ciyaman yake ba. Duk wanda aka kama a rubuta lokacin kamu da lokacin miƙawa, ɗan sandan da ya karɓa ya sa hannu.

Wani zai ce, to in mun miƙa, gobe mu gan shi yana yawo a layi fa? Wannan ƙorafin shi ne ke tura mutane ga ɗaukar doka a hannu, kuma na fahimce shi. Amma sau da yawa laifinmu ne. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tsakanin kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. In mai kaya bai je ya ba da bayani ba, shaidu suka noƙe, iyayen yaro suka zo da dattawa ana "a rufa asiri", me ɗan sanda zai riƙe shi da shi? Mun ware mutum biyu a kwamiti, aikinsu kawai raka mai ƙara caji ofis da kotu, da biyan kuɗin Keke Napep daga asusu. In kuma an saki mutum ba tare da dalili ba, littafi yana nan, sai a tayar da maganar cikin ladabi: "Yallaɓai, wanda muka kawo ranar kaza, ina aka kwana?" Dokar 'yan sanda ta 2020 ta tanadi kwamitocin haɗin kan 'yan sanda da jama'a har a matakin caji ofis, ga kuma PCRC, kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, da ke nan tun 1984. Ku nemi kujera a ciki, ku tura wanda ba ya jin tsoron kaki kuma ba ya zagi.

Kuɗin sintiri na raba unguwa fiye da ɓarawo. Ku yanka abin da kowane gida zai iya, ku yafe wa zawarawa da marayu a fili kowa ya sani, ku buga rasit, ku buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku. Ƙarshen wata a liƙa lissafi a bangon masallaci. In ƙaramar hukuma ta amince da alawus, ku dage a tura wa kowane ɗan sintiri ta asusunsa. Kuɗin da ya bi ta hannu uku ba ya isa da nauyinsa. Kuma kada ku yarda ɗan takara ya ɗinka musu kaki mai hotonsa. Ranar zaɓe zai zo karɓar bashinsa.

Na ce kada a sa sunan wanda ake zargi a littafi. Haka ma a zauren WhatsApp na unguwa. A cikin mutum ɗari da ke zauren akwai yayan ɓarawon, akwai abokinsa. Zaure na sanarwa ne: an ga baƙuwar mota, fitilar wuri kaza ta mutu. Suna kuwa baki da baki ake kai shi ga mai unguwa, shi ya kai inda ya dace, kuma ba a faɗin wanda ya kawo. Mafi yawan labarin da ya yi mana amfani daga mata ya fito, don su ke gida da rana, su suka san gidan da ake shiga da buhu a fito babu, da kemis ɗin da yara ke layi bayan isha ba don ciwon kai ba. Ba za su zo taron ƙofar gidan mai unguwa su yi magana ba. Malamar Islamiyyar matan aure muka roƙa ta zama kunnenmu, kuma ita kaɗai ta san wadda ta faɗa mata.

Wurare biyu kuma da ake mantawa. Na farko 'yan gwangwan: wayar lantarki da murfin kwata da kan famfo ba sa tafiya da kansu, akwai mai saye. Muka nemi ƙaramar hukuma ta tara masu wuraren sayen ƙarafa ta yi musu rajista, ta hana su saye bayan magariba da saye a hannun yara. Na biyu dillalan gidaje: duk sabon ɗan haya a kai shi ya gaisa da mai unguwa a rubuta sunansa da sana'arsa, ko daga ina ya fito, ko wane yare yake ji. In kuka ce baƙin wata ƙabila kaɗai za a rubuta, kun fara haƙa rami irin na Zamfara da Uromi da na ambata ɗazu.

Saura bibiya, wadda ita ce ke gajiyar da mutane. Duk wata uku muna kiran taro a filin makarantar firamare, mu gayyaci kansila da wakilin DPO da wakilin hakimi da takarda. Ba a fara sabuwar magana sai na tashi na karanta alkawuran zaman baya ɗaya bayan ɗaya, da sunan ofishin da ya ɗauka da ranar da ya sa, in tsaya a kan kowanne har a ce an yi ko ba a yi ba. Babu zagi, babu ihu, karatu kawai. Sannan a karanta adadin abin da littafi ya nuna a wata ukun nan da na wata ukun baya. Daga nan a ba jama'a dama su kawo ƙara a kan 'yan sintiri kansu, su kuma suna zaune suna ji. Zaman farko kansila ya sha jinin jikinsa, zama na biyu ya turo wakili, na uku ya zo da kansa da fitila biyu a bayan mota. In ciyaman ya sauya, kada ku ɗauka sabon ya san da ku. Ku ɗauki fayil ɗin gaba ɗaya ku je ku gabatar da kanku daga farko, mun yi haka sau biyu.

Fitilun huɗu sun cika a shekara ta biyu, an sace batirin ɗaya, muka sa aka mayar da sauran can saman turke aka yi musu keji. Kwalbatin ce har yau ba a gyara ba. Takarda ta biyar a kanta tana cikin jakata da hatiminta, ta shida kuma na rubuta ta jiya da daddare, ina jiran mai unguwa ya dawo daga gona ya sa hannu.